Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kaduna: Wane Lissafi Ne Ya Wajaba A Kan Kowane Ɗalibi?

Mai Girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayin wanda ya ƙarar da shekarun ƙarfinsa riƙe da alli a gaban allon lissafi, a makarantun sakandare na gwamnatin wannan jiha, tun daga cikin garin Kaduna har ƙauyukan da ba a isa gare su da damina sai an naɗe ƙafar wando. Na yi ritaya, amma kusan kullum bayan La'asar yaran unguwa sukan cika mini zaure da littattafansu, saboda haka abin da zan faɗa abu ne da nake gani da idona har jiya. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin ta shafi duk gidan da ke da ɗa a makaranta, kuma ina so iyaye da malamai su ji, su gyara mini inda na kauce.

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Dokta Tunji Alausa, ta sanar da cewa ba dole ba ne ɗalibin da ke neman karanta fannonin adabi, irin su harsuna da tarihi da addini, ya sami kiredit a lissafi kafin a ba shi gurbi a jami'a. Turanci ya ci gaba da zama wajibi, shi kuwa lissafi aka bar wajibcinsa a kan masu neman kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Da surutu ya yi yawa, bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta sake fitowa ta bayyana cewa ba a cire lissafi daga jarrabawar kammala sakandare ba, kowane ɗalibi zai yi rajistarsa kuma zai zauna ya rubuta shi, sharaɗin samun gurbi kaɗai aka sassauta.

Tun daga lokacin nake sauraron muhawara a majalisun unguwa da gidajen rediyo da Facebook, kuma mutane sun rabu gida biyu. Wasu suna hamdala, suna cewa an sauke wa yara dutsen da aka daɗe ana ɗora musu ba gaira ba dalili. Wasu kuma, akasarinsu malamai irina, suna ganin an buɗe ƙofar lalaci, kuma nan gaba za mu yaye lauyoyi da 'yan jarida da ba su iya karanta kasafin kuɗi ba. Ni dai na kasa tsayawa a gida ɗaya, domin dukkansu suna magana kamar lissafi dunƙule ɗaya ne, ko a haɗiye shi ɗungurungum ko a tofar da shi ɗungurungum. Abin da shekaruna a aji suka nuna mini shi ne, abin da muke tilasta wa kowa ya karanta a babbar sakandare ya yi faɗi fiye da kima, alhali abin da muke tabbatarwa kowa ya iya ya yi kaɗan ƙwarai. Muna zuba wa yaro tuwon mutum goma a gabansa, ba mu taɓa dubawa ko yana da haƙoran tauna loma ɗaya ba.

Zan fara da ɓangaren masu hamdala, domin suna da gaskiyar da mu malaman lissafi ba mu cika son amsawa ba. Akwai wata yarinya da na koyar shekarun baya, wadda malamin Hausa yakan ɗauko insha'inta ya karanta mana a ɗakin malamai saboda daɗinsa. Burinta shi ne ta karanta Hausa a jami'a ta dawo ta koyar. Mahaifinta tela ne a Kasuwar Barci, kuma sau uku yana tara kuɗin ɗinki yana biya mata jarrabawa: ta yi WAEC ta sami E8 a lissafi, ta yi NECO ta sami D7, ta sake zama ta masu zaman kansu ta sake samun D7, alhali sauran darussanta duk kiredit ne tun zaman farko. Jami'ar da ta nema ta ce sai da C6. A karo na huɗu mahaifin ya zo zaurena da daddare, ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya ce, "Malam, ƙarfina ya ƙare, ga ƙannenta su ma suna jira." Abin da har yau yake damuna shi ne, wannan yarinya ita ce ke riƙe da littafin adashin mahaifiyarta, mata fiye da ashirin suna zubi, wata hannu ɗaya wata hannu biyu wata rabi, kuma ban taɓa jin an yi gardamar sisi a kan lissafinta ba. Abin da ya kayar da ita shi ne ƙa'idojin kusurwoyin da'ira, da logaridim, da auna nisan garuruwa biyu a bisa layukan da suka kewaye duniya. Jihar Kaduna ta yi asarar malamar Hausa saboda waɗannan, kuma na san ba ita kaɗai ba ce.

Duk wanda ya buɗe manhajar lissafin gama-gari ta babbar sakandare zai ga abin da nake nufi. Akwai aljabara har zuwa ma'auni mai ƙarfi biyu da zana shi a takardar giraf, akwai logaridim da teburin fo-figa, akwai tirigonometiri, da jerin lambobi, da matirik, da hujjojin jometiri, da ƙididdiga da yiwuwar aukuwa. Kowanne daga cikinsu ilimi ne mai daraja, kuma na so koyar da su. Sai dai an jera su ne a matsayin tsani ga wanda zai hau injiniyanci ko kimiyyar lissafi ko kwamfuta, sannan aka ce kowa da kowa sai ya hau tsanin ko da ba can za shi ba. Malami kuma yana da zango tara kacal, na ƙarshen ma jarrabawa ce ke cinye shi, ga aji cike maƙil, don haka abin da yake yi shi ne gudu domin ya kammala manhaja kafin masu duba makarantu su zo. Wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba ya kwafi abin da ke allo ya haddace. Daga nan ne kasuwar satar amsa ta sami gindin zama, domin uban da ya ga kiredit ɗaya tak ya tsare wa ɗansa hanya shekara biyu, idan imaninsa bai yi ƙarfi ba, zai nemi cibiyar da ake sayar da shi.

To amma, ranku ya daɗe, sassaucin da aka yi bai warkar da ciwon ba, kuma ina tsoron ya haifar da wani. Na san halin ɗalibai kamar yunwar cikina. Darasin da aka ce za a rubuta amma ba a neman kiredit ɗinsa, a wajen yaro ɗan shekara goma sha biyar ya zama darasin barci. Tun kafin wannan sanarwa ma, yawancin waɗanda ke shiga ajin adabi ba son adabi ne ya kai su ba, gudun lissafi ne, kuma sau da yawa makaranta ce ke tura su can da kanta, ko don sakamakonsu na ƙaramar sakandare, ko don ba ta da isassun malaman kimiyya. Yanzu yaron da ya tsorata da lissafi a aji uku na ƙaramar sakandare zai yi sallama da shi kwata-kwata, sai ya kai shekara goma sha takwas, hankali ya zo, ya ga yana son akanta ko tattalin arziki ko aikin jinya, ya tarar ƙofar ta rufe tun yana yaro. Waɗanda abin zai fi shafa su ne 'ya'yan talakawa da 'yan mata, domin ɗan mai hali yana da malamin darasi a gida da zai riƙe shi ko da makaranta ta sake shi.

Saboda haka tambayar da nake so ma'aikatarku ta riƙe ita ce, wane lissafi ne bai kamata ɗan Jihar Kaduna ya fita makaranta ba tare da shi ba, ko me zai zama. A ganina ba shi da yawa, amma yana da zurfi. Tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, da ka da kuma a takarda, har yaro ya iya ƙiyasta amsa kafin ya taɓa kalkuleta, ya gane idan ta ba shi abin da hankali ba zai ɗauka ba. Sai lissafin kaso, wato rabi da sulusi da rubu'i da 'yan uwansu, da kashi cikin ɗari, da gwargwado tsakanin abu da abu. Sai awo na tsawo da faɗin fili da cikin mazubi da nauyi da lokaci. Sai ɗan abin da ya sawwaƙa na aljabara, daidai yadda mutum zai iya nemo abin da bai sani ba daga abin da ya sani. Sai karanta tebur da zanen ƙididdiga, da fahimtar yadda kuɗi ke ninkuwa idan ana ɗora riba a kan riba. Wanda ya riƙe waɗannan da kyau ya fi mai C6 ɗin da aka haddace ko aka saya amfani ga kansa da jama'arsa.

Bari in nuna abin da rashinsu ke jawo mana. A 2016 da shirin MMM ya mamaye ƙasar nan yana alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata, har ya daskarar da kuɗin mutane a watan Disamba na shekarar, cikin waɗanda suka zuba kuɗinsu akwai ma'aikatan gwamnati da masu digiri, kuma dukkansu sun taɓa karanta lissafi a makaranta. Da a ce an koya musu su zauna da biro su ninka, da sun ga cewa naira 10,000 a kan wannan alkawari za ta haura naira 230,000 cikin wata goma sha biyu, da kuma sun tambayi kansu wace sana'a ce a duniya ke haifar da haka. Irin wannan ne ke faruwa da masu karɓar bashi ta manhajojin waya, inda ake gaya wa mutum kashi 5 ne kawai a wata, bai lura cewa kashi 60 ke nan a shekara ba tun kafin a ɗora tarar jinkiri. Haka kuma idan aka ce a labarai hauhawar farashi ta sauka, mutane da yawa, har da masu gabatar da shirye-shirye, sukan ɗauka kaya sun yi sauƙi, alhali ma'anar ita ce farashin yana ci gaba da hawa, saurin hawan ne ya ragu. Manomin masara a Saminaka da ke tsaye gaban mai taki yana bukatar ya san cewa buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 ne na naitirojin, shi kuwa buhun yuriya mai kashi 46 yana ɗauke da kilo 23, kafin ya yanke shawarar inda zai sa kuɗinsa. Uwar da aka rubuta wa maganin ɗanta a mililita tana bukatar ta karanta ma'aunin da ke murfin kwalba daidai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar logaridim, kuma babu ɗaya da ɗan ajin adabi zai tsira daga gare shi.

Misalin da ya fi kusa da zuciyata shi ne rabon gado, domin ɗaliban da aka sassauta wa ɗin nan su ne gobe za su zama alƙalan kotunan shari'a da limamai da malaman addini. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Matar tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, 'ya'yan suna da sulusi biyu, uwa da uba kowanne yana da sudusi, wato ɗaya bisa shida. Mai rabo zai nemi adadin da takwas da uku da shida duk suke shiga cikinsa, ya sami 24, sai ya ba matar 3, 'ya'yan 16, uwa 4, uba 4. Idan ya tara sai ya ga 27, wato rabon ya fi dukiyar yawa. A nan ne malaman fara'il suke yin awul, su mai da asalin mas'alar 27, kowa ya ragu daidai gwargwadon rabonsa, har sumunin matar ya koma tusu'i, wato ɗaya bisa tara. Wannan aiki, daga farkonsa har ƙarshensa, shi ne abin da muke koyarwa a firamare da sunan tara kaso masu mabambantan gindi. Haka zakka take, da rubu'in ushiri a kan kuɗi, da ushiri a kan amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, da rabin ushiri a kan na ban-ruwa. Wanda zai raba dukiyar marayu bai kamata a ce masa lissafi ba nasa ba ne.

Ina faɗin wannan ne kuma domin in amsa wata magana da nakan ji a bakin yara, wai lissafi na wasu mutane ne, mu ba mu gaje shi ba. Kalmar aljabara kanta daga littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na tara, kuma babban kaso na littafin a kan matsalolin gado da wasiyya yake. A ƙasar Hausa, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya yi rubutu a 1732 a kan yadda ake tsara lambobi a cikin murabba'i ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, kuma ya rasu a Alƙahira a 1741 yana malamin da ake girmamawa. A zamaninmu, Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978. Ya kamata yaranmu su ji waɗannan sunaye a aji, ba don alfahari ba, don tsoro ya ragu.

Akwai wani abu da ya faru a gabana lokacin da ake gina mini ɗaki a bayan gida. Maginin dattijo ne da bai wuce aji huɗu na firamare ba. Da zai fitar da kusurwar harsashi, sai ya kafa turke, ya auna ƙafa 3 a igiya ɗaya ya ɗaura ƙyalle, ya auna ƙafa 4 a ɗaya igiyar ya ɗaura ƙyalle, sannan ya riƙa matsar da igiyar kaɗan kaɗan har tsakanin ƙyallayen biyu ya zama ƙafa 5 cif, ya ce wa yaronsa ya buga turke. Wani ɗalibina na aji biyu na babbar sakandare yana tsaye yana kallo, kuma a makon nan muka gama ƙa'idar Fitagoras, ya kuma ci gwajin da na ba su. Na tambaye shi abin da dattijon yake yi, ya ce dabarar magina ce. Sai da na tsuguna na rubuta masa 9 da 16 da 25 a ƙasa da tsinke, sannan ya riƙe baki. Dattijon yana da aikin ba shi da dalilin, yaron yana da dalilin a takarda bai san yana da aiki ba. Duk wanda ya shiga Panteka ya ga masu walda da maƙera suna yanka faranti su naɗe shi ya zama mazurari ko tukunya, zai ga jometirin da ya fi na littafinmu rai, kuma makarantunmu suna nesa da shi kamar ba a gari ɗaya muke ba.

Yanzu zan zo inda nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Ana ta gardama a kan ƙofar jami'a, alhali yaron ya faɗi ne tun tsakanin aji uku da aji biyar na firamare. Shekara da shekaru, duk lokacin da na karɓi sabon aji ɗaya na babbar sakandare, a makon farko nakan rubuta a allo: rabi a tara da sulusi. Amsar da ta fi yawan fitowa ita ce biyu bisa biyar, wato sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Sai in ɗauko lemo in yanka a gabansu, in tambaye su yadda za a yi mutum ya riƙe rabin lemo, a ƙara masa wani yanki, abin da ke hannunsa ya koma ƙasa da rabi. A nan aji yakan yi tsit. Waɗannan yara sun yi shekara tara a makaranta, wato dukkan ilimin bai-ɗaya da dokar UBE ta 2004 ta wajabta, an yi ta ciyar da su gaba aji bayan aji, kuma ni aka ce in koya musu tirigonometiri. Lissafi ba kamar sauran darussa ba ne da za a tsallake babi a kama na gaba. Gini ne, jeren bulo na sama yana zaune a kan na ƙasa.

Wannan jiha ta san zafin maganar fiye da kowace. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwajin da aka ce na matakin aji huɗu ne, aka sanar da cewa 21,780 ba su kai kashi 75 da aka gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka gudanar da gwajin, kuma ba na son in tayar da tsohon miki, domin na san mutanen kirki da abin ya rutsa da su. Abin da nake so a ɗauka daga ciki shi ne, a yawancin makarantun firamarenmu malami ɗaya ne ke riƙe da aji yana koyar da komai, ko da takardarsa ta NCE a Hausa ko addini ko nazarin zamantakewa ya yi ta. Sassaucin 2025 ya taɓa kwalejojin ilimi su ma. Idan wanda ya gudu daga lissafi tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya dawo bayan shekara bakwai aka damƙa masa aji huɗu, to tsoronsa zai koyar, kuma yara arba'in ko fiye za su gada a kowace shekara.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba zan tsawaita a kansa ba. Na sha ganin yaron da ya kasa tambaya a rubuce da Turanci, da na maimaita masa ita da Hausa, na sa masa buhu da mudu a ciki, sai ya ba ni amsa kafin in rufe baki. Irin wannan yaro Turanci ne ya kayar da shi, amma a takardar sakamako lissafi aka rubuta. Ko wace manufa tarayya ta ɗauka a kan harshen koyarwa, bai kamata a hana malamin aji biyu a Rigasa ko Kachiya ko Zangon Kataf ya bayyana ma'anar rabawa da harshen da yaran suke ji ba.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A watan Janairu na 2023 Firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya nemi kowane ɗalibi a Ingila ya ci gaba da wani nau'i na lissafi har shekara 18. Amma ƙasar da ta fi cancanta mu duba ita ce Afirka ta Kudu, wadda tun 2006 ta wajabta wa kowane ɗalibin shekaru ukun ƙarshe na sakandare ya ɗauki ɗaya daga cikin biyu, ko lissafi na sosai, ko lissafin rayuwar yau da kullum mai magana a kan bashi da haraji da awo da taswira da ƙididdiga. Tsarin yana da kyau, amma sun gamu da matsalar da ya kamata ta zama mana gargaɗi: an yi ta kukan cewa makarantu suna tura yara zuwa mai sauƙin domin alƙaluman cin jarrabawarsu su yi kyau, har yaran da za su iya zama injiniyoyi suka tsinci kansu a hanyar da ba ta ɓullewa can. Idan za mu ɗauki tsarin, sai mu ɗauke shi tare da maganin wannan cuta.

Na san manhaja da jarrabawar ƙasa ba a hannunku suke ba, suna hannun NERDC, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, da WAEC da NECO da sauransu. Amma kuna da kujera a Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda minista ke zama da kwamishinonin jihohi, kuma a can nake roƙon ku kai wannan shawara da sunan Jihar Kaduna: a raba lissafin gama-gari na babbar sakandare gida biyu, ɗaya ga masu hawa tsanin kimiyya, ɗaya kuma na aiki da rayuwa, kuma kiredit a ɗayansu ya zama wajibi a kan duk mai neman babbar makaranta, ko me zai karanta. Kada na biyun ya zama na raggwaye. Ya zama mai ƙarancin babi amma mai tsananin neman fahimta, wanda ba a cinsa da hadda. Kada a bari yaro ya zaɓa sai ya gama aji ɗaya na babbar sakandare, zaɓin ya zama da sanin iyayensa a rubuce, kuma a bar masa hanyar komawa na farkon idan ya sake tunani, ko da bayan ya gama makaranta ne. Da irin wannan tsari yana nan, 'yar telan Kasuwar Barci da ta ci jarrabawarta tun zaman farko.

Sauran kuwa ba sai kun jira Abuja ba. Firamare da ƙaramar sakandare da ɗaukar malamai duk a hannun jiha suke. Ina roƙon a umarci SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kada ta damƙa wa kowa ajin firamare sai ya nuna ya iya wannan ɗan lissafin da na lissafa, kuma ya iya bayyana shi ga yaro, ko me takardarsa ta ce. Wanda ya kasa a koya masa, a sake gwada shi, domin horarwa ta fi kora araha, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya mallakar jiha, ga kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a nan bakin hanyar Zariya. Daga aji huɗu zuwa shida a ware malamin lissafi na musamman, ko da makarantu biyu ko uku ne za su yi tarayya a kansa inda malamai suka yi ƙaranci. A ƙarshen aji uku a zauna da kowane yaro na 'yan mintoci a ji ko ya iya jadawalin sau da ɗebewa mai aro, wanda bai iya ba a ba shi ƙarin darasi kafin a ɗora masa wani kaya, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan a ba malaman aji ɗaya na ƙaramar sakandare izini a rubuce su yi amfani da zangon farko wajen gyara harsashi, kuma a gaya wa masu duba makarantu kada su tuhume su da rashin bin manhaja saboda haka, domin tsoron wannan tuhuma ne ke sa malamin da ya ga ɓaraka ya rufe ido ya wuce.

Kafin ku yanke hukunci a kan abin da na faɗa, ina roƙon ku zaɓi makaranta ɗaya a Kaduna ta Arewa, ɗaya a Giwa, ɗaya a Kafanchan, ku shiga aji ɗaya na babbar sakandare ba tare da an sanar da zuwanku ba, ku rubuta tambaya uku a allo: rabi a tara da sulusi, kashi 15 cikin ɗari na naira 8,000, da yawan yadin da za a saya idan riga ɗaya tana cin yadi biyu da rabi kuma ana son riga bakwai. Ku karɓi takardun da hannunku ku duba su a mota. Ni da wasu tsofaffin abokan aikina da muka yi ritaya a shirye muke mu zauna da jami'anku mu tsara irin waɗannan tambayoyi na kowane aji, mu kuma taya horar da malaman firamare a lokacin hutu, ba tare da an biya mu ko sisi ba.

Allah ya taimake ku a kan wannan amana, ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin lissafi,
Tudun Wada, Kaduna.